Da me ake rufe ƙotar wuƙa da aka naɗe da igiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Daura, ina ƙera wuƙaƙe da tsohon sifirin ɗin mota, kuma maimakon in sa musu ƙotar itace, nakan naɗe mariƙin da igiya. Bara da Babbar Sallah na sayar da su da dama, amma mahauta biyu sun dawo mini da nasu, igiyar ta saki, tana wari, ƙarfen da ke ƙarƙashinta kuma ya yi tsatsa. Na zuba wa wasu sufagulu, sai suka yi fari suka tsattsage. Da me ya kamata in rufe igiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na daɗe ina wannan aiki a nan birnin Katsina, kuma duk abin da ka lissafa na gan shi da idona a wuƙaƙen da suka fita daga hannuna kafin in gane inda matsalar take. Abin da zan fara gaya maka shi ne, ba a saman igiya ake neman maganin ba. Duk abin da za ka shafa, in ya tsaya a sama ya yi ɓawo, ruwa da jini da kitse za su sami ƙofar shiga ta bakin naɗin ko ta wata 'yar tsaga, kuma da zarar sun shiga ba su da hanyar fita, sai su zauna tsakanin igiya da ƙarfe suna ruɓewa. Abin da ake so shi ne gam ya ratsa igiyar har ya taɓa ƙarfe, igiya da gam da ƙarfe su zama abu guda, babu wani gurbi da iska ko danshi za su ɓuya a ciki. Gam ɗin da ke yin wannan aiki da kyau shi ne ifoksi mai jinkirin bushewa, wato gam mai haɗi biyu irin Araldite, amma kafin mu kai gare shi akwai abubuwa biyu da in ba a gyara su ba ko ifoksin ba zai cece ka ba, su ne irin igiyar da kuma halin da ƙarfen yake ciki.

Ba ka faɗi irin igiyar da kake amfani da ita ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Igiyar roba mai shuɗi ko ruwan ɗorawa da ake ɗaure kaya da awaki da ita, wadda ta cika kasuwanninmu, galibi da folifurofilin ake yin ta, kuma wannan roba ce da kusan babu gam ɗin da ke kama ta da gaske. Ifoksi zai kewaye ta ya bushe, amma ba zai manne mata ba, bayan 'yan watanni sai ka ga yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ga shi kuma rana tana cin ta har ta riƙa yin gari, tana kuma narkewa tun a wajen digiri 160 na ma'aunin Salshiyas, alhali nailan sai ya wuce digiri 200. Gwajin gane ta ba shi da wuya. Ka yanki ɗan guntu ka jefa a kofin ruwa, ka matse shi sosai don iskar da ke ciki ta fita. Folifurofilin ya fi ruwa sauƙi, don haka zai taso sama, nailan da foliyesta kuwa sun fi ruwa nauyi, za su nutse. Sannan ka kusanta bakin igiyar da wutar ashana: auduga da rama za su ci wuta su bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, nailan kuma zai narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Duk igiyar da ta taso saman ruwa, ka bar ta ga ɗaurin kaya.

Wadda masu wuƙaƙe a ƙasashen waje suka fi so ita ce farakod, igiyar nailan da asalinta ta laimar saukar sojojin Amurka ce a Yaƙin Duniya na Biyu. Wadda aka fi sani ana kiran ta 550, domin an yi ta ne ta ɗauki nauyin fam 550, kimanin kilo 249, kaurinta wajen milimita 4, kuma saƙaƙƙiyar riga ce a waje da zarurruka galibi guda 7 a ciki. In ka same ta, shawarata ita ce ka zare na cikin ka naɗa rigar kaɗai. Rigar da aka zare wa ciki takan kwanta shimfiɗe a jikin ƙarfe, ba ta barin manyan ramuka tsakanin zagaye da zagaye, kuma gam yana ratsa ta cikin sauƙi, saɓanin cikakkiyar igiya wadda gam kan jiƙa bayanta ya bar tsakiyarta a bushe. In mariƙin ya yi maka siriri, ka yi naɗi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Mariƙi mai tsawon santimita 12 yakan ci igiya wajen mita 2 a naɗi guda, ka ƙara rabin mita saboda kamawa da ja.

Amma kada ka ɗauka sai da igiyar waje aiki zai yi kyau. Zaren auduga mai kauri da aka murza da kyau, da igiyar rama siririya, sun fi nailan shan gam nesa ba kusa ba, kuma in suka sha suka bushe sukan yi tauri kamar ƙaho. Ni a wajena, wuƙar da za a rufe ruf da ifoksi, na fi son auduga ko rama a kan farakod, domin ƙarfin ɗaukar nauyin da ake yabon farakod da shi ba shi da wani amfani bayan an daskarar da ita cikin gam. Abin da kawai za ka kula da shi shi ne gashin rama. Ka bi da harshen wuta a kanta da sauri ka babbake shi kafin shafi, in ba haka ba kowane gashi zai daskare ya zama ƙaya mai sukar tafin hannu.

Sai ƙarfen. Tsatsar da mahautan suka nuna maka ba daga sama ta fara ba, daga ƙasa ta taso. Ƙarfen sifirin ƙarfe ne mai kyau ga kaifi, amma ba shi da kariya daga tsatsa ko kaɗan, gumin hannu ma kaɗai da gishirin da ke cikinsa ya ishe shi. Idan tsatsa ta kama a ƙarƙashin igiya, sai ta zama gari, naɗin ya rasa abin kamawa ya fara juyawa a hannu. Saboda haka ka goge ɓangaren da za a naɗe har sai baƙin ɓawon wuta ya fita duka, farin ƙarfe ya bayyana, ka bar shi da kaushin sanfefa mai lamba 80 ko 120, domin gam ya fi kama wuri mai kaushi. Ka kashe kaifin gefunansa huɗu da magagari don kada su yanke igiyar daga ciki. Ka huda rami biyu, ɗaya kusa da ruwan wuƙar, ɗaya a ƙarshe, inda igiyar za ta fara da inda za ta ƙare, kuma wannan huda ana yin ta ne tun ƙarfen yana da laushi, kafin a ba shi ruwa, wato a tsoma shi da zafinsa don ya yi tauri. In ka ɗan rage faɗin mariƙin ta yadda za a sami kafaɗa a gaba da kuma a baya, naɗin ba zai taɓa zamewa ya sauko kan kaifi ba. Daga nan ka goge da sifirit ko asiton a tsumma mai tsabta. Kada ka yi amfani da kananzir ko fetur, domin suna barin maiƙo, kuma ruwan goge jan farce na mata sau da yawa akwai mai a cikinsa. Bayan gogewa kada yatsanka ya sake taɓa wurin.

Shafin farko a kan ƙarfen tsirara ake yin sa, kuma shi ne shafin da ya fi kowanne muhimmanci. Ka shafa ifoksi siriri ya rufe ko'ina har cikin ramukan nan biyu, ka ɗan wuce inda naɗin zai tsaya da kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Akwai hanya biyu daga nan. Ko dai ka bar shi ya kwana ya bushe, ka ɗan karce shi da sanfefa, sannan ka naɗa a natse, ko kuwa ka naɗa tun yana da danƙo don igiyar ta zauna a cikinsa. Hanya ta biyu ta fi ƙarfi, amma tana buƙatar hannun da ya saba, domin gam ba ya jiran mai gyaran kuskure. Tunda yanzu kake farawa, ka bi ta farko.

Game da naɗin kansa, ka ɗaure ruwan wuƙar a bayis, wato abin matse ƙarfe, bayan ka rufe shi da kwali da salatif, ka riƙa jan kowane zagaye da iyakar ƙarfinka, kana matsa shi jikin ɗan'uwansa da bakin filaya. Gam ba ya ɗaure abin da yake sako-sako, yana daskarar da shi ne a yadda ya same shi. Wasu sukan jiƙa nailan da ruwan zafi bayan naɗi, domin yana ɗan tsukewa, kuma dabara ce mai kyau, sai dai tana da sharaɗi: dole igiyar ta bushe ƙarau kafin gam ya taɓa ta. Da hunturu yini ɗaya a inuwa mai iska ya isa, amma a watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsakiya, ka ba ta kwana biyu ko uku. Wanda ya shafa ifoksi a kan igiya mai danshi ya kulle ruwa ne a ciki da hannunsa, gam ɗin zai yi hazo kamar madara, tsatsa kuma za ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Wannan ma wani dalili ne na rufe ƙarfen tun farko.

Yanzu ga ifoksin. Ruwa biyu ne, ɗaya shi ne ainihin gam ɗin, ɗaya kuma mai daskarar da shi, kuma ba bushewa yake yi da iska kamar fenti ba, haɗuwar su biyun ce ke sa shi tauri. Wannan ne ya sa yake iya daskarewa har a can cikin tsakiyar igiya inda iska ba ta kaiwa. A kasuwa za ka sami iri biyu. Akwai mai sauri, wanda ke kamawa cikin minti 4 ko 5, irin wanda kanikawa ke liƙe abubuwa da shi, akwai kuma mai jinkiri, wanda ke ba ka sa'a ɗaya ko fiye kana aiki, ya yi tauri bayan kwana guda. Mai saurin bai dace da wannan aiki ba, domin yana kauri kafin ya ratsa, ga shi kuma bai kai mai jinkirin jure ruwa ba. Haka nan mai launin toka da ake cewa na ƙarfe ne, an cuɗa shi da gari, cike rami yake yi, ba ya shiga zare. Ka nemi garai-garai mai jinkiri, kuma in ka sami mai ruwa-ruwa irin wanda masu yin tebur da kwale-kwale ke amfani da shi, ya fi na cikin bututu shiga igiya.

Ma'aunin haɗi ba abin wasa ba ne. Wani ana haɗa shi ɗaya da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani har biyar da ɗaya, kuma abin da aka rubuta a jikinsa shi za ka bi. Mutane suna zaton in an ƙara mai daskararwa zai fi saurin kamawa, alhali abin da ke faruwa shi ne ragowar da ba ta sami abokin haɗi ba sai ta zauna a ciki, gam ɗin ya ƙare da laushi da danƙo har abada. Ka sayi sirinji biyu a kantin magani, ka ware kowanne da ruwansa, ka riƙa awo da su. Ƙota ɗaya ba ta wuce cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu. Ka juya shi minti biyu zuwa uku kana kankaro gefe da gindin mazubin, kuma mazubin ya zama mai faɗi, kamar murfin gwangwanin madara, ba mai zurfi ba. Dalili kuwa shi ne haɗin yana fitar da zafi da kansa, in ya taru wuri guda zafin yana ƙara masa sauri, har ya iya daskarewa a cikin kofi yana hayaƙi kafin ka kai rabin aiki.

Yanayinmu yana da hannu sosai a nan. Lokacin da aka rubuta a jikin gam an auna shi ne a wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20 zuwa 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikin da kusan rabi. To ka duba watan Afrilu a Daura ko Katsina, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, gam ɗin da aka ce yana ba da sa'a ɗaya da ƙyar zai ba ka sulusinta. Don haka da bazara kada ka haɗa na wuƙa fiye da biyu a lokaci guda. Akwai kuma wata dabara da na daɗe ina amfani da ita. Ka ajiye wuƙar da aka naɗe a rana na ɗan lokaci har mariƙin ya yi ɗumi, sannan ka shigo da ita inuwa ka shafa. Ɗumin yana sa gam ya tsinke ya yi ruwa, kuma yayin da igiyar ke hucewa, iskar da ke cikinta tana tsukewa tana jawo gam ɗin ciki. In ka yi akasin haka, wato ka shafa da sanyin safiya ka kai rana, iskar za ta buɗe ta fito, ta bar maka kumfa da ƙananan ramuka a duk jikin ƙotar, kuma kowane rami ƙofa ce ga ruwa. Shi ya sa na fi son yin shafi bayan la'asar, lokacin da zafi ya fara sauka. Wasu suna tsinka ifoksi da tina, wato ruwan tsinka fenti, don ya shiga, ni ban yarda da wannan ba, domin tinar takan maƙale a ciki ta rage masa ƙarfi, in ta fita daga baya kuma ta bar hanyoyin da danshi zai bi.

Wajen shafawa, ba jan buroshi ake yi kamar mai fentin ƙofa ba. Ka sami ƙaramin buroshi mai tauri, ko tsohon buroshin goge baki, ka riƙa dangwalawa kana danna gam ɗin cikin igiyar. Za ka ga launinta yana duhu a inda ta sha, ka ci gaba har ko'ina ya yi duhu iri ɗaya kuma ta daina sha. Ka fi ba da ƙarfi a bakin naɗin na gaba, inda igiya ta haɗu da ruwan wuƙa, domin ta nan jini ke gangarowa, ka tabbata gam ya cike wannan kusurwa ya yi ɗan gangare mai santsi. Bayan minti kamar goma, ka ɗauki tsumman da ba ya zubar da gashi ka riƙa dannawa kana tsane abin da ya taru a sama, har saƙar igiyar ta sake bayyana. Wannan mataki shi ne ke raba ƙota mai kyau da marar kyau. In ka bar gam ya kwanta a sama yana ƙyalli kamar gilashi, zai burge mai saye a kasuwa, amma ranar da kitse ya taɓa hannun mahauci wuƙar za ta zame masa, kuma wuƙar da ta zame a lokacin fiɗa yatsu take nema. Ka riƙa juya ta lokaci-lokaci a sa'a ta farko don kada gam ya taru gefe ɗaya, sannan ka kife kwali a kanta, musamman da hunturu, domin duk ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen gam ta zauna ke nan.

Wuƙar mahauci da ta ɗakin girki suna buƙatar shafi na biyu a kan igiyar, siriri, don toshe ƙananan kafofin da suka rage. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da shafin farko na igiyar ya kama amma farce yana iya yi masa alama, domin a lokacin su biyun suna haɗewa su zama ɗaya. In ya riga ya yi tauri, ka taɓa ka ji. Da damina wani lokaci za ka ji wani maiƙo-maiƙo a samansa kamar an shafa sabulu, wannan danshin iska ne ya haɗu da mai daskararwa, kuma ruwan ɗumi da soso ne ke fitar da shi, ba tina ba. In ba ka wanke shi ba shafi na biyu ba zai kama ba. Bayan kwana ɗaya ana iya riƙe wuƙar, amma ƙarfinsa ba ya cika sai wajen mako guda, kuma ni ba na miƙa wa mai nama wuƙa kafin kwana bakwai.

Ka sa safar hannu ta roba duk lokacin da kake wannan aiki. Ɗanyen ifoksi yana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa, ko kaɗan ya taɓa daga baya sai abin ya tashi, har ya hana shi sana'ar. In ya taɓa ka, ka wanke da sabulu da ruwa, kada ka goge da tina, domin tana kai shi cikin fata ne.

Sufagulun da ka gwada yana daskarewa ne da danshin da ke cikin iska da jikin abu, cikin daƙiƙu, don haka ba ya samun lokacin ratsawa, a sama yake yin ɓawo. Farin da ka gani tururinsa ne da ya haɗu da danshi ya sauko kamar gari, tsagewar kuma saboda yana da gautsi, ba ya lanƙwasa tare da igiya. Akwai haɗari ma da ya fi wannan. In ya haɗu da auduga yana fitar da zafi mai tsanani. Na taɓa zuba shi a kan naɗin zaren auduga, nan take hayaƙi ya tashi, ya ƙona mini yatsa, ga tururinsa mai yaji a ido. Amfaninsa ɗaya a wannan aiki shi ne ɗigo guda a kan ƙullin ƙarshe na igiyar nailan, don ya riƙe kafin a yi shafi.

Idan ifoksi ya yi maka tsada ko bai samu ba, banish na kafintoci yana aiki a kan auduga da rama. Ka tsinka shafin farko da ruwan da aka rubuta a jikin gwangwaninsa don ya shiga, ka ba kowane shafi yini guda, ka yi huɗu ko biyar. Ba zai kai ifoksi tauri ba, kuma yana goguwa, sai an riƙa sabunta shi, amma ga wuƙar gida ya wadatar. Gam ɗin faiba na masu gyaran jikin mota yana shiga igiya sosai, sai dai kamun da yake yi wa ƙarfe bai kai na ifoksi ba, yana ɗan tsukewa in ya daskare, kuma warinsa yana daɗewa. Kakin zuma kuwa ina ganin girmansa, domin da shi dukawa ke goge zaren ɗinki tun kafin a san waɗannan gam. Yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, kuma in ka goge zaren da shi kafin naɗi, sannan ka ɗumama ƙotar a gefen garwashi har ya nutse, ruwa zai riƙa gangarewa ba ya shiga, riƙon kuma yana da daɗi a hannu. Ya dace da wuƙar makiyayi ko manomi, wadda ake iya warwarewa a sake naɗawa in ta tsufa. Bai dace da ta mahauci ba, domin ruwan zafi da sabulu suna wanke shi, da bazara kuma yana laushi ya kwashi ƙura. Ƙaro ba ya cikin lissafi ko kaɗan, tunda narkewarsa a ruwa ita ce ta sa tawadar da ake haɗawa da shi take wankuwa daga allo. Man gyaɗa da man ja da man shanu ba sa bushewa, tsami suke yi su ƙara wari, baƙin man inji kuma bai kamata ya kusanci abin da za a yanka nama da shi ba.

In wata rana ka so naɗi da fata, ka san cewa fatar da aka jeme da bagaruwa tana baƙi in ta haɗu da ƙarfe da danshi, don haka ita ma sai an rufe ƙarfen tukuna. Busasshiyar fata marar mai tana shan ifoksi da kyau, amma wadda aka riga aka shafa wa mai ba za ta karɓe shi ba.

Game da wuƙaƙen da aka dawo maka da su, da waɗanda ka zuba wa sufagulu, kada ka yi ƙoƙarin shafa musu ifoksi a kai, domin jini da kitse sun riga sun shiga na farkon, ɓawon sufagulu kuma ya toshe na biyun. Ka yanke igiyar duka, ka goge tsatsar har farin ƙarfe, ka sake daga farko, kuma ina ganin ya kamata ka yi wa mahautan nan biyu wannan gyara kyauta, domin su ne za su nuna wa 'yan'uwansu a kwata. Ka kuma gaya musu gaskiyar iyakar abin: ifoksin da ya daskare a zafin ɗaki yana fara laushi daga wajen digiri 50 zuwa 60, saboda haka a wanke ƙotar da ruwan ɗumi da sabulu, amma kada a jefa ta cikin tafasasshen ruwa, kada kuma a ajiye ta a bakin tukuba. Hasken rana yana sa shi ya koma ruwan ɗorawa da daɗewa, wannan launi ne kawai, amma ya sa igiya mai duhu ta fi fara kyan tsufa. Mahaucin da ya ce lallai sai ya riƙa dafa wuƙarsa, ka yi masa ƙotar itace da ƙusoshi, ka bar naɗin igiya ga wasu.

Kafin ka yi na sayarwa, ka naɗe guntun ƙarfe guda biyu ko uku yadda na bayyana, ka bar su mako guda, ka jiƙa ɗaya a ruwan gishiri kwana uku, sannan ka yanka shi biyu da zarto ka duba. In ka ga gam ya kai har jikin ƙarfe, babu farin zare busasshe a tsakiya, babu jan tsatsa a ƙasa, to hannunka ya zauna, sai ka fara na Sallah tun da sauran wata biyu, don kowace wuƙa ta sami kwanakinta bakwai kafin ta shiga kube.